Jelar Rigar Arlen

Litinin, 25 ga Agusta, da yamma

Yau na tura ƙofar rumfar jirgin saman mijina Arlen, karo na farko tun ranar nan ta watan Yuli da ɓarin jikinsa ya shanye. Doris, wato jirgin nasa, tana nan yadda ya bar ta, hanci a sama, wutsiya a ƙasa, sai ka ce wadda aka yi wa laifi take jiran a ba ta haƙuri. Tattabaru sun yi mata ado a fiffike. Ina wankewa ina zaginsu.

Ina da lasisin tuƙin jirgi, bari in rubuta don in tuna wa kaina. Amma a kan jirgi mai taya a hanci na same shi, irin wanda in ka ajiye shi a ƙasa yake tafiya miƙe kamar bas ɗin 'yan makarantar da nake tuƙawa. Doris ba haka take ba. Ita ƙaramar tayarta a wutsiya take, kuma tun da aka ƙera ta ba ta da buri a ƙasa sai wutsiyar nan ta wuce hanci.

Dagny Rustad ce za ta koya mini. Ta haura saba'in, ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen yi wa gonaki feshi da jirgi, kuma ban da mijina babu mai tashi da Doris sai ita. Ta dube ni sama da ƙasa tana taunar cingam.

"To, yarinya, me kike nema da jirgin mijinki?"

Shekarata hamsin da takwas, har da jika, amma na bar ta.

"Alkafura ɗaya nake so in yi a kan gonar Merle. Ni kaɗai a ciki."

"Ke? Ke da in za ki sha kwana da bas sai kin tsaya kin yi addu'a?"

Ban yi mata bayani ba, ai ta sani. Duk garin nan an san kowace Lahadi kafin coci Arlen yakan tashi da Doris ya yi alkafura ɗaya a saman gidanmu, zagaye cif kamar bakin faranti, wato in ɗora kofi ga shi nan zuwa. Kuma duk garin an san tun da aka kai shi gidan jinya ya juyar da fuskarsa bango, bai ce wa kowa uffan ba. Tagar ɗakin tana bayansa, tana kallon gonar Merle. So nake ya juyo, shi ke nan.

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

Ko tashi ba mu yi ba. Tafiya kawai muka yi a kan ciyawar filin jirgin, kuma na jiƙe sharkaf da gumi. Hancin Doris ya tare gabanka gaba ɗaya, sai ka yi ta karkacewa dama da hagu kana leƙe ta gefe, kamar wanda ya fito daga mashaya.

Na'urar da na gaba da na baya suke magana da ita a jirgin ta lalace tun 'yarmu Kendra tana sakandare, kullum Arlen zai gyara gobe. Don haka Dagny, da ke zaune a bayana, da jelar rigata take magana. Ta ja dama, in taka fedar dama. Ta ja hagu, in taka hagu. In ta ɗaka mini duka a kafaɗa, wato in saki komai kafin in kashe mu.

Na san yaren. Arlen ya taɓa gwada koya mini Doris da daɗewa. Ya ja rigata har ta yage, na ce ya sauke ni, muka yi mako guda muna gaisawa ta bakin kare: gaya wa maigidanka abinci ya nuna.

Na je wurinsa da yamma. Bai juyo ba.

Juma'a, 29 ga Agusta, da azahar

Cinyoyina ciwo suke kamar na kwana ina rawa. Dagny ta ce daidai ke nan, ƙafar mai tuƙa Doris ba ta hutawa.

Talata, 2 ga Satumba, da yamma

Mun fara tashi da sauka. Tashin ba laifi. A sama Doris yarinyar kirki ce, da yatsa biyu kake juya ta.

Merle Opdahl da Elroy Zink suna kan bencinsu na gaban ofishin filin da kofi a hannu, inda suke tun kafin a haifi Kendra. Babu wanda ya ɗauke su aiki, amma babu jirgin da zai sauka a filin nan ba su yanke masa hukunci ba. Da na fito, Elroy ya ɗaga mini yatsu uku.

Na ce, "Uku cikin goma? Haba Elroy, ka ji tsoron Allah."

"Wane maki, uwargida? Saukar da kika yi nake ƙirga miki. Zuwa ɗaya, sauka uku. Ai kin ci riba."

Merle ya ce, "Ta farkon ma ta fi kyau. Da kin tsaya a kanta."

Na ba Arlen labarin, ina kwaikwayon muryoyinsu. Na gyara masa bargo. An yi masa aski, ba irin wanda yake so ba. Bai juyo ba.

Alhamis, 4 ga Satumba, da la'asar

Ma'aikatan gidan jinya sun kira ni da Kendra wani ɗaki mai kujeru masu laushi. Ba na son ɗakin da aka ajiye kwalin tishu a tsakiyar tebur tun kafin a fara magana.

Yolanda, mai motsa masa jiki, ta ce ƙafar za ta iya, shi ne ba ya so. In ta ɗaga ya saki, in ta yi magana ya rufe ido. In har tsakiyar Oktoba bai fara ba, za a mayar da shi ɓangaren arewa, a ba wani gadon. A ɓangaren arewa ba a motsa kowa. Akwai talabijin babba, tagogin kuma wurin ajiye motoci suke kallo.

Ban taɓa tishun ba. Na dawo na wanke bas, ciki da waje, har ƙarƙashin kujeru.

Asabar, 13 ga Satumba, da yamma

Yau aka fara abin da ya kawo ni. Dagny ta ɗaura mini lemar tsira, ta ɗaure ni a kujera tamau kamar buhun dankali, ta sa na zazzage aljihuna kaf.

"Duk abin da kika bari a aljihu, a fuskarki za ki gan shi."

Muka hau sama sosai. Ita ta fara nuna mini: a sunkuyar da hanci a tara gudu, a ja sandar tuƙi, ƙasa ta ɓace, sama ta cika gilashi, sai ga gonaki sun ɓullo ta saman kaina. Kumatuna suka zazzago har wuya. Kafin in ce wayyo mun dawo daidai.

Sai nawa. Na ja da kyau, amma da muka kai ƙoli, kai a ƙasa, sai tsoro ya sa na saki sanda. Doris ta tsaya cak a kife, muka rataye a jikin bel kamar jemagu. Duk abin da Arlen ya zubar a ƙasan jirgin nan tun da ya saye shi ya zubo mana: ƙasa, ɓawon gyaɗa, murfin biro, matattun ƙudaje. Wani abu ya buge ni a hanci na cafke.

Tabaransa ne na karatu. Wanda ya rantse bara ni na haɗa da tsofaffin jaridu na zubar. Har wajen cin abincin Kirsimeti sai da ya tayar da maganar a gaban surukinmu.

Ina riƙe da shi ina dariya, sai karin kumallona ya ce shi ma zai fito. Dagny ta miƙo leda ta kan kafaɗata ba tare da ta ce komai ba.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan coci

Na ɗora tabaran a kan bargonsa. Na ce, "Tsoho, ga abin da na zubar. A ƙarƙashin kujerarka ya kwana shekara guda. Ina jiran haƙuri, ba na sauri."

Kafaɗarsa ta hagu ta motsa. Na rantse ta motsa. Yolanda ta ce shaƙuwa ce, tun safe yake yi.

Ban gaya masa yadda aka yi tabaran ya fito ba. Yana zaton shara na je yi.

Alhamis, 18 ga Satumba, da azahar

Ba zan rubuta da yawa ba.

Na yi saukar da ban taɓa yin irinta ba. Tayoyi uku suka taɓa ciyawa tare, ko girgiza babu. Na hango Merle ya miƙe tsaye daga benci, abin da bai yi wa gwamna ba lokacin da ya zo. Sai na saki sanda na ɗaga masa hannu.

Tun ranar farko Dagny take cewa ba a gama tuƙa Doris ba sai an kashe ta an ɗaure ta da igiya. Iska ta ɗan taɓa wutsiyar, ta fara lallaɓowa gefe, ni kuma na taka birki da duk ƙarfina kamar yaro ya gifta gaban bas. Muka juya kamar katantanwa. Da ƙura ta lafa muna cikin waken suyan Merle, muna kallon inda muka fito, bakin fiffiken hagu ya karce ƙasa, yadin ya yage kamar tafin hannu.

Dagny ta yi tari. Can ta ce, "Na haɗiye cingam ɗina."

Shekara talatin yana riƙe da jirgin nan ko ƙwarzane babu. Na daina.

Juma'a, 19 ga Satumba, da safe

Ban je filin ba. Ban je wurin Arlen ba ma.

Litinin, 22 ga Satumba, da yamma

Matan coci sun ji labari, sun dawo da kawo tukwanen dankali da nama kamar a watan Yuli. Firij ya cika. Kare ma ya fara kau da kai.

Kendra ta bugo. "Mama, wai me ke damunki? Ɗaya yana kwance, so kike in riƙa raba ƙafa tsakanin gadaje biyu?"

Na ce na riga na daina. Sai ta ce, "Au, kin daina?" Muryar ba ta mai murna ba ce. Halin ubanta ne sak, ba ka gane abin da suke so.

Laraba, 24 ga Satumba, da hantsi

Na dawo daga kai yara na tarar da motar Merle a ƙofar gida, shi da Elroy suna zaune a kan matakala. Ban taɓa ganinsu a wani wuri ba ban da bencin nan da wurin jana'iza, har gabana ya faɗi.

Elroy ya ce, "Donot ɗinmu muka zo karɓa."

"Wane donot?"

"Duk wanda ya yi katantanwa a filin nan, shi ke kawo donot washegari. Kin yi kwanaki kina cin haƙƙin tsofaffi."

Na ce su bar ni da kunyata, na lalata jirgin mutumin da bai taɓa ko karce shi ba. Suka dubi juna. Merle ya fara dariya har sai da ya cire hula.

"Arlen? Ran da ya kawo Doris garin nan, a gaban kowa ya juya, ba sau ɗaya ba, har sau biyu, ya ƙare da hanci a shingen Elroy. Ya fito yana zagin iska, alhali ko ganye ba ya motsi."

"Ƙarya kuke yi. Ai da na ji."

"Ina za ki ji? Lokacin yana neman aurenki. Hunturun shekarar kaf shi ya kwashe mana ƙanƙarar ƙofar gida don mu yi shiru. Har ta gidan surukata."

Wato mutumin da ya yaga mini riga yana ihu. Na ji haushi, na ji daɗi, na rasa wanda zan fara. Merle ya ce ya riga ya like fiffiken, fenti yake bushewa. Na ɗora musu tukwane huɗu a bayan mota.

Na je da yamma na ce, "Gaisuwa daga shingen Elroy." Kunnensa ya yi ja. Wannan kam ba shaƙuwa ba ce.

Talata, 30 ga Satumba, da yamma

Na kai donot, fanken nan mai rami a tsaka. Mun koma sauka, sauka, sauka. Yanzu ko fasto ne ya ɗaga mini hannu ba na amsawa sai na ɗaure igiya.

Tun jiya nake sa tsummokaran riguna. Ran da malami ya sauka ya bar ka ka tashi kai kaɗai, yanke jelar rigarka yake yi da almakashi a kafe ta a bangon rumfa, tunda ba sauran mai ja. An yi mini wancan karon, amma Dagny ta ce na jirgi mai taya a hanci wasan yara ne, sai an sake. Yau na zo da rigar da nake fenti da ita.

Ta ce, "Sa ido kike yi, ko? Muddin ina ganin tsumma, ba inda za ni."

Juma'a, 3 ga Oktoba, da azahar

Tsummokaran duk suna wanki. Wannan ne dalilin da ya sa na sa shuɗiyar rigar Arlen, ta zuwa coci, wadda ke rataye a bayan ƙofa. Babu wani dalili. Ba a wanke ta ba tun Yuli, kuma ba zan wanke ba.

Bayan sauka ta biyu Dagny ta buga kafaɗata, na tsaya. Sai na ji tana kwance bel. Ta zuro ƙafa waje tana nishi, ta ɗaure bel ɗin kujerar baya don kada ya riƙa yawo.

"Gwiwata ta gaji. Je ki zagayo ki dawo mini da jirgin mutane."

"Yau? Dagny, dubi rigar da ke jikina!"

"Na gani. Tafi."

Babu nauyinta, Doris ta tashi kamar an tsikare ta. Na kai sama na ji bayana shiru. Ina ta jira a ja ni dama ko hagu, babu mai ja. Ban san lokacin da na fara surutu ba, ina cewa ka gani ko, tsoho, ka gani? Hawaye suka hana ni ganin allurar ma'aunin gudu, na share da hannun rigarsa. Sai yau na san kewarsa nake yi, duk kwanakin nan haushinsa na ɗauka nake ji.

Elroy ya ɗaga yatsu biyu. Na karɓa.

Dagny ta zo da almakashi, ta kama jelar, ta tsaya tana kallon yadin. Sai ta saki, ta danƙa mini almakashin a hannu.

"Ba ni na fara jan rigarki a jirgin nan ba. Kai wa mai ita ya yanke."

Laraba, 8 ga Oktoba, da yamma

Alkafura safe da yamma, Dagny a baya, sannan yau ni kaɗai tana kallo daga ƙasa. Na daina amai. Ta ce ba zan kashe kaina ba, amma abin da nake zanawa a sama ba faranti ba ne.

"Ƙwai ne, yarinya. Dogo, mai tsini a sama. Duk ɗan koyo ƙwai yake sakawa."

An kawo kwalaye ɗakinsa don haɗa kaya. Na tura su ƙarƙashin gado da ƙafa.

Asabar, 11 ga Oktoba, da la'asar

Kendra ta iso. Ta ce har yanzu hauka ne, sannan ta tambayi ƙarfe nawa za ta buɗe taga.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da yamma

Gari ya waye garau, ba iska. Na sa shuɗiyar rigar, na zazzage aljihu, na bar almakashin a mota.

Abin da ya faru a ɗakin, Kendra ce ta ba ni labari. Ta buɗe taga. Da ƙarar Doris ta fara shigowa, idonsa ya buɗe, amma bai motsa ba, ya ɗauka Dagny ce take ɗumama inji. Sai ga Dagny ta shigo da donot a hannu, ta zagaya ta tsaya tsakaninsa da bango, ta ce, "Arlen, ina kwana? Kai, wannan jirgin naka da ƙara yake."

Kendra ta ce ya dubi Dagny, ya saurari sama, ya sake duban Dagny. Sai ya kama ƙarfen gado da hannun hagu ya fizgo kansa, har matashi ya faɗi. Ba don so ya juyo ba, in ji ta. Juyowar wanda aka sace wa jirgi ce.

Ni ban san komai ba. Ina can sama da gonar Merle, na duba dama da hagu babu kowa, na sunkuyar da hanci. Na jira gudu ya taru. Na ja. Ƙasa ta tafi, na dubi bakin fiffike, na jefa kai baya ina jiran gonaki, suka zo. Na ji a jikina ya yi tsini. Na koma, na sauka, na kashe inji, na ɗaure igiya, sannan na zauna a ciyawa.

Da na shiga ɗakin yana fuskantar ƙofa. Na manta yadda idanunsa suke. Rabin bakinsa yana ta aiki, yana kokawa da wani abu, muna jira. Kendra ta riƙe hannuna. Wata uku nake tunanin abin da zai fara ce mini.

"Ƙwai," in ji shi.

Na ce, "Ƙwai? Na yi amai, na ci ƙasa, na shiga waken Merle, ka buɗe baki ka ce mini ƙwai? Mai shingen Elroy?"

Rabin fuskar ya yi dariya. Ɗaya rabin ma ya so.

Na ciro almakashin na sa masa a hannun hagu, na juya masa baya. "Ga ta nan. Rigarka ce, kai za ka yanke. Na tashi ni kaɗai, ba sauran mai ja na."

Na ji ƙarar faɗuwar almakashi a ƙasa. Sai na ji an damƙi jelar, an ja ta dama, da ƙarfi, irin jan nan da na sani.

"Ƙafar... dama," ya ce. "Wajen... hawa."

Dagny ta ce da cikakken baki, "Gaskiyarsa. Tun Satumba nake gaya mata."

Ban juyo ba, don ban so ya ga fuskata. Na ce, "In gyara kake so ka yi, kujerar baya tana nan. Amma sai an ɗaga ƙafa ake shiga Doris, kuma wallahi ba zan ɗauke ka ba."

Bai saki rigar ba har aka kawo abincin rana.

Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi

Yolanda ta bugo ina wanke bas. Ta ce ya ɗaga ƙafar, kaɗan, kuma ya zage ta da kalmar da ba za ta iya maimaitawa ba. Ta ce in zo in kwashe kwalayen nan, suna tare mata hanya.

Na kai rigar rumfa. Bangon cike yake da jelolin mutane, na kafe ta a tsakiyarsu sukutum, da hannuwa da maɓallai. Elroy ya ce ba haka ake yi ba. Na ce aro na ba bangon, ranar da mai ita zai hau baya zan sauke in sa.

Na kuma ce wa Merle kada kowa ya kuskura ya gyara na'urar maganar nan.